Rasuwar Filogi Mai Haƙora Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ta mijina Wendell nake nufi, don tawa sai tsalle take yi, ni Lurleen ta garin Guymon nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar filoginmu mai haƙora bakwai, wanda ke kai wuta daga a-kori-kurarmu zuwa tirelar da muke kwana a ciki in muna tafiya. Ya rasu ran Talata da hantsi, yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin gado ne daga surukina Clyde. Mai haƙuri ne. Ruwa ya dake shi, ƙanƙara ta dake shi, bai taɓa cewa komai ba sai "ƙyas" in an cusa shi, sai "tsss" nan da can.

Ya yi jinyar wata takwas, sa'ar 'yata Opal, wadda har yau Mamana da ke Flagstaff ba ta ɗauke ta ba, sai gani a waya. Sau uku muna ɗaure kayan zuwa wurin Mama, sau uku ciwon na tashi. A taka birki, siginar hagu ta kama. A ba da ta dama, fitilu duka su hau ƙifta ido. Ɗan sanda ya taɓa koro mu gida tun ba mu bar gari ba.

Ni ce mai jinya. Kowa ya san aikin matar mai tirela, ki tsaya a baya da 'ya a kafaɗa kina ihu.

"Lurleen, ta hagu ta kama?"

"Hagunka ko haguna, Baban Opal?"

An canja ƙwan fitila, an canja fiyus, an naɗe marigayin da salatif har ya yi tumbi. Ran Talata Mama ta bugo ta ce, "Ku bari sai ta yi aure ku kawo min ita." Wendell ya miƙe. Ya cire hula, ya ɗauki filaya, ya datse filogin ubansa.

To ga labarin! An sa sabo, ciwo na nan daram! Na tsuguna zan ɗauko takalmin da Opal ta jefa ƙarƙashin tirela, sai ga wata farar waya ɗaure jikin ƙarfe, notinta ya yi jajir da tsatsa.

"Wannan fa?"

"Ke, bar ta, wayar ƙasa ce, ba ruwanta."

Na miƙa masa Opal, na kankare wurin da soson wanke tukunya, na ɗaure tam. Ya taka birki, jajayen fitilu biyu suka kama tsaf! Ni fa! Ni da ban gama sakandare ba!

Ashe marigayin lafiyarsa ƙalau, tsatsar notin nan ce ke hana wuta wucewa. Wendell ya zauna a ƙasa yana ce masa, "Ka yafe min." Duk wanda ya taɓa zagin marigayin, har da ni, ya nemi gafara.

Ya rasu ya bar a-kori-kura ɗaya, tirela ɗaya, da ƙwan fitila shida da aka cire ba su ji ba ba su gani ba.

Gawar na cikin gwangwanin kofi. Za a yi jana'iza ran Asabar a bayan gidan Mama a Flagstaff, ta riga ta sayo haƙarƙarin da za a gasa, ta kuma ce kada kowa ya taɓa mata jika sai ta gaji don kanta. Za mu tashi Juma'a da safe. Mai son rakiya ya biyo bayanmu. In kun ga siginar hagu, wallahi hagun za mu.