Bencin Yaya Bello

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na kusa rufe wa yayana shago da ilimin kwana uku.

Ni ne magatakardan ƙungiyar masu sana'a ta kasuwarmu a Boɗinga, don kawai hannuna yana da kyau a ajami. Saboda haka da aka kira bita a Sakkwato kan tsarin kasuwanci, ni aka tura. Malamin bitar ya raba mana takarda mai gida tara: su wa ke saye, me kake ba su, ta wace hanya kake isa gare su, da sauransu. Ya ce duk abin da bai shiga gida ko ɗaya ba, nauyi ne, a sauke shi. Na cike gidajen nan da ajami mai kyau (har na kusa da ni suna leƙe), na dawo gida ina jin kamar na sauke littafi.

Yayana Bello tela ne, shekara talatin yana kan keke. A bakin shagonsa akwai wani dogon benci, kullum dattawa huɗu ko biyar na zaune a kai, suna cin goro suna hira. Shugabansu Baba Ɗanjuma, wanda tun da na san shi riga ɗaya ya taɓa ɗinkawa a wurin.

Na zauna na duba takardata. Benci bai shiga gida ko ɗaya ba.

"Yaya," na ce, "wanga benci shi ka tare maka ƙofa. Ba su saye, ba su bari a gani."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Malam, kai ka yi bita." (Na ɗauka yarda ce. Allah Ya yafe mini.)

Washegari na sa aka kai bencin gindin darbejiya can ƙarshen kasuwa, da niyyar sadaka. Ban lura ba cewa rumfar Garba tela tana nan daf da bishiyar. A gurbin bencin na rataya allon talla.

Watan Sha'aban ne, lokacin da ɗinkin Sallah ke fara shigowa, wanda da shi Yaya ke riƙe gidansa rabin shekara. Mako guda, shiru. Mako biyu, ƙofa a buɗe fes, kowa na ganin allona, kowa na wucewa. Can kuwa wajen Garba, yadi har kan igiya.

Ranar kasuwa Yaya ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Malam, ka san wa ka kawo min ɗinkin garin Danchadi? Ɗanjuma. Duk mai biki ko suna can, shi ka riƙo hannunai ya kawo shi. Na Kajiji, Malam Isa, abokin zamanai bisa benci. Na Dandin Mahe, ɗan'uwanai. Je ka ɗauko min bencina."

Na tafi. Kasuwa ta cika. Na durƙusa na gaida dattawa, sannan na roƙe su, da bakina, su ɗan tashi.

Baba Ɗanjuma ya ce, "A'a, ashe mai gida tara ne! An samo muna ɗaki?"

"Ku yi haƙuri, Baba."

"Ka duba da kyau dai, kada mu zamna a sake ce muna nauyi."

Ba mai baro a kusa, ko kuwa duk sun ɓuya. Na naɗe rawanina na yi gammo, na ɗora benci a ka. Haka na ratsa layin 'yan albasa, na ratsa na mahauta, dattawa biyar na biye da ni a hankali, suna amsa gaisuwa. Wani mai nama ya ɗaga murya: "Malam, wannan ma cikin bitar ne?"

Alhamdu lillahi, kafin azumi ya raba, keken Yaya ya koma kuka har la'asar.

Takardar tana nan cikin gafakata. Ba ta yi ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba kafin in cike ta. A gidan da aka ce "hanyar isa ga masu saye" na goge "allon talla", na rubuta "benci". Yanzu kuwa in na je shagon, a tsaye nake gaisawa, don har yau Baba Ɗanjuma bai ce in zauna ba.