Inna Penalti

Ko komai ya zube mini daga ka, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je ƙwato ɗiyata daga hannun azzalumai, ashe ni ce azzalumar.

Shekarun nan ne da soja suka sauka, jam'iyyu suka cika Agye da tutoci, kowa bakinsa dimokaraɗiyya. Ni kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da wani abu, na iya rubuta sunana, sai na ga duk garin ba wanda ya kai ni sanin ƴanci.

Autata Zali tana kolej. Ban san inda ta ɗauko kunya ba, ba dai wurina ba. In ta yi sallama sai ka ce sauro ne ya gitta. Ita kaɗai take tafiya lakol ɗaukar karatu, ita kaɗai take dawowa, ba ƙawa ko ta rantsuwa. Sai wata shekara ta fara shigowa gida gwiwa a ƙuje, zane duk ƙasa, ta cinye tuwo har ta nemi ƙari. Na tsare ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Mushe Lawali ne, malaminmu na wasanni, ya sa ni gardiye.”

To ni gardiye ɗaya na sani a duniya, tsohon nan mai sanda da ke gyangyaɗi a ƙofar buro, ofishin hukuma. Na ce, “Gadi? Na kai ki ki zama madam mai koyarwa, sun ga ba ki da baki sun ba ki gadi?”

Ta ce, “Inna, ai ba…”

Na ce, “Rufe mini baki!” (Ku riƙe wurin nan, za mu dawo kansa.)

Ranar Alhamis da la'asar, daga aji na wuce, allona a hammata. Na tarar da filin kolej cike da mutane, wai ƴan matan garin Gazawa sun zo wasan balo, wato ƙwallon ƙafa. Ban tsaya tambaya ba. Abin da idona ya gani shi ne: yara duk sun koma gefe guda, Zali ita kaɗai tsaye tsakanin sanduna biyu, hannuwa a ware. Gabanta wata ƙatuwar yarinya mai ƙwauri kamar taɓarya ta aje balo, ta ja da baya tana auna ta. Ga wani ƙato da usur a baki zai ba da umarni. Jama'a tsit, ba mai cewa a bari.

Na ɗaure gyale a ƙugu na faɗa filin. Takalmina ɗaya ya tsaya a hanya, ban waiwaye shi ba. Na sure balon na rungume.

“Mulkin soja ya wuce! Ɗiyar wa za ku jera ku harbe? Don ba ta magana? Ni ina magana!”

Mushe Lawali ya sheƙo yana haki. “Maman Zali, don Allah, penalti ne.”

Na ce, “Ko uban penalti ne, ya fito!”

Nan fili ya fashe. Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta yi dariya har ta zauna cikin farantinta. Mai usur, wanda ashe alƙalin wasa ne, ya ce in matar nan ba ta fita ba, zai tashi wasa ya ba Gazawa. Sai na ga ƴan matan kolejinmu sun daina dariya, duk sun juya suna kallon Zali. Lokacin ne jikina ya fara gaya mini akwai abin da ban gane ba.

Sai na ji wata murya daga bayana, har cikin ƙashi: “Inna! Aje balon nan ki fita! Nan wurina ne!”

Na waiwaya ina neman mai maganar. Zali ce. Shekara goma sha biyar ina ciyar da muryar nan, ban san girmanta ba sai ranar.

Na aje balon (a inda ba nan ba, sai da alƙali ya gyara), na taka zuwa gefe, ƙafa ɗaya da takalmi. Filin nan bai fi gonar gyaɗa ba, amma sai na ji kamar daga Agye na taka har garin Cadawa.

Aka busa, yarinyar ta dako, Zali ta yi tsalle ta cafe. Ƴan matan suka rufe ta, suna “Gardiye! Gardiyenmu!” Ashe raga take gadi. Ƴan Gazawa kuwa suka rantse tofi na yi wa balon. Tofi kam ya samu, don in ina jawabi ba na kula da miyau.

Washegari ƴan mata shida suka yi sallama ƙofar gidana, sun biyo wa Zali lakol, ɗaya riƙe da takalmina. “Ina kwana, Inna Penalti.” Sunan bai sake ni ba, jikokina ma da shi suka san ni.

A ajinmu an koya mana cewa jimla ba ta ƙarewa sai an ɗiga aya. Ni sai a filin balo na gane. Yanzu in yaro ya ce, “Inna, ai ba…” ina cije leɓe in jira ayar. Da wuya, wallahi, amma ya fi tafiya da takalmi ɗaya.