Kaka Ta Hau Bene

"…Lafiya lau, ya mai jego? Ya ɗan baƙon? To madalla. Matsa min, ka tare ƙofa da ciki."

Haka Kaka ta ƙarasa gaisuwar a gindin bene tana gyara mayafi. Wanda ya tare ƙofar jikanta ne, da take kira Maigida tun yana rarrafe. Matarsa ce ta haihu, ɗa namiji, su kuwa can ƙololuwar benen suke haya. Bara da yayarsa ta haihu a wani benen, ƙiba da ciwon gwiwa suka hana Kaka hawa, sai sauko mata da jaririyar aka yi ta gan ta a mota kamar mai karɓar saƙo. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Tun daga ranar ta rage sukari, ta kama zaga unguwa kullum da safe, ta kuma rantse wannan karon da ƙafarta za ta je ta ga yaro. Shi kuwa Maigida, da ya fi kowa yi mata wa'azin motsa jiki, aikinsa zama ne a ofis, maɓallan rigarsa duk sun fara neman agaji.

"Tsohuwa, ki rufa mana asiri ki koma mota, yanzu in sauko miki da shi," in ji Maigida. "Benen nan ba namu ba ne, in ya rushe me zan ce wa mai gidan?"

"Benen da ya jure ka safe da yamma? Ni ai auduga ce a wurinsa. Kai, tsaya in tambaye ka. An ce matarka ta sauka, to kai yaushe ne naka watan?"

"Wannan hutu ne, alamar ana kula da miji. Ke da kika riƙe ni shekara da shekaru, ban da ƙashi me na tara?"

"Gara ƙashin, shi ba ya tsinka maɓalli. Wuce mu tafi."

"A'a, ke ce gaba. In kin gangaro in tare ki."

"Ka tare ni ko ka danne ni? Wuce gaba, in riƙa ganin abin da zai faɗo min."

Ta yi bisimilla, ta kama ƙarfen matattakala, ta ɗaga ƙafa. Maigida na gaba yana waiwaye, bakinsa bai huta ba.

"Ki riƙa jan numfashi ta hanci, haka likitoci suka ce. Ina ma takalman motsa jikin da na saya miki? Ko kin ba wa almajiri?"

"Ga su a ƙafata, makaho. Har dunduniyar ta cinye. Naka fa da ka saya rana ɗaya da nawa?"

"Suna nan lafiya ƙalau."

"Ai na sani. A kwalinsu suke, ko takardar ciki ba a cire ba. Ajiye su kake a raba gado?"

"Ni motsa jikina a ƙwaƙwalwa yake. Kin san irin gumin da tunani yake sa mutum?"

"To lallai tunanin a ciki yake taruwa."

Da suka kai hawa na biyu, Maigida ya tsaya cak, ya zaro waya ya kara a kunne. "Alo? Eh, ina jin ka. Eh, eh."

Kaka ta iso kusa da shi, ta leƙa fuskar wayar. Baƙi ƙirin.

"Ka gaishe min da shi. Ka ce masa ya yi haƙuri, wayar a kashe take."

"Ke me kika sani a harkar waya?"

"Na san matarka ta ce kowane hawa sai an kira ka, kuma ba ta taɓa jin ƙarar kiran ba. Huta abinka, ɗan tsoho, ba na gaya wa kowa. Sai dai 'yan unguwarmu."

"Don ke na tsaya, kada a ce na wahalar da tsohuwa."

"Allah sarki, har gumi kake yi saboda tausayina."

Suka ci gaba. Can wajen hawa na gaba gwiwar Kaka ta riƙe. Ta tsaya, ta damƙe ƙarfen da hannu biyu, ta runtse ido. Ganin haka ya tsorata Maigida fiye da duk zagin da ta taɓa yi masa.

"Kaka," ya ce, wasan ya bar muryarsa, "don Allah ya isa haka. Kin yi ƙoƙari. Zauna nan in je in kawo shi."

"In ka sauko min da yaron nan, wallahi ba zan kalle shi ba." Ta ja numfashi. "Wata da watanni ina zaga unguwa kamar wadda akuyarta ta ɓata, yara na bi na da dariya. Shayi nake sha salam kamar ruwan wanka. Duk don a miƙo min jinjiri a kan matattakala?"

Maigida ya sunkuyar da kai. Sai ya sauko ya tsaya gefenta.

"To kama ni."

"In kama ka mu gangara tare? Kawo kafaɗar dai, dama ba ta da wani aiki."

Haka suka hau sauran, a hankali, ita tana dafe da shi, shi yana dafe da bango. Da suka isa ƙofar ta ce, "Kar ka buɗe tukuna, bari numfashina ya dawo, kada a raina ni."

Yana duƙe, hannu a gwiwa, yana neman nasa.

Sai ga ƙofar ta buɗe, mai jego tsaye da kofin ruwa. "Sannunku da zuwa. Tun ɗazu nake jin haki, na ɗauka firji ake hawowa da shi. Wa zan fara ba?"

"Ba wa tsohon nan," in ji Kaka. "Ni miƙo min yaron."

Maigida ya karɓi kofin yana dariya yana tari. "Na sallama, Kaka. Kin ci."

Ba ta ma ji shi ba. Ta riga ta shige ta zauna, an ɗora mata jaririn a cinya. Ta buɗe masa fuska, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Ka gan ni nan," ta ce masa a hankali, "da ƙafata na zo."