Tafintan Ambaliyar Zauro

Birnin Kebbi ta yi sa'a da Allah Ya ba ta Alhaji Munzali, wanda 'yan majalisar unguwar Gesse ke kira Kamus Mai Ƙafa. Tun da ya yi ritaya daga Abuja ya gano ciwon Bahaushe: kalma ɗaya gare shi, "ɓoye". Bature kuwa, in ji shi, abin da aka rufe da gangan konsild ne, wanda ya saje da daji kamofilaj, wanda ido ba ya kamawa inbizibul. Ko matarsa Hamida ta sa nama a ƙasan tuwo, sai ya ajiye loma ya yi mata bayanin ajin da naman ya faɗa.

Da ruwan Rima ya shanye shinkafar Zauro, wata ƙungiya ta turo baƙi su ga ɓarna kafin ta ba da irin noman rani. In babu irin nan, babu shuka bana. Wa zai yi tafinta in ba Kamus ba? Ya iso cikin farar shadda da takalmi mai ƙyalli.

Manoma sun san yadda ake nuna asara: mutum ya tuɓe riga, ya shiga ruwa har ƙirji, ya tumɓuko ruɓaɓɓiyar zangarniya ya ɗora a hannun baƙo. Dikko, shugabansu, har ya naɗe wando. Munzali ya tare shi, ya ce wannan ƙauyanci ne, ba a miƙa wa manyan mutane taɓo. Ilimi zai yi aikin.

Ya tsaya kan tudu, ya buɗe hannuwa. "Shinkafar nan ba konsild ba ce, domin ba wanda ya rufe ta. Ba kamofilaj ba ce, domin ba soja ba ce. Sobmajd ce, wato ta nutse a ruwa, ranku ya daɗe."

Ya bi kalmar tun daga asalinta har rana ta take. Baƙi suka gyaɗa kai, suka ɗauki hoton ruwa shimfiɗe, ga wani masunci can nesa a kan gora. Ɗayansu ya tambaya ko nan ne kusa da Argungu mai kifi. Munzali ya yaba wa zurfin karatunsa.

Bayan 'yan makonni mota ta iso Zauro cike da taimako: komayen kamun kifi da ƙugiyoyi, sababbi fil, ga manoman da ruwa ya riga ya janye daga gonakinsu.

Dikko ya saɓo koma ɗaya har majalisar Gesse, ya shimfiɗa a gaban Kamus.

"Alhaji, mun gode. To mi Bature ka ce ma irin da ba a kawo ba?"

Munzali ya gyara hula, ya dube shi da tausayi.

"An kawo, Dikko. Inbizibul ne. Ka koma makaranta, za ka gan shi."