Wuyan Rigar Hajiya Rabi

Wallahi wuyan rigar kawai nake so. A bikin 'yar maƙwabciyarmu a unguwar Madain Fahd, mai tsaron ƙofa tana karɓe duk waya mai kyamara, saboda mata za su yi rawa ba lulluɓi. Ni gwanar dabara, na cusa tawa cikin ɗankwali.

Na ɗauki hoton Hajiya Rabi, uwar ango, tana tsaka da rawa, na kai wa telana a unguwar Kurayyat ya ɗinka min irin wuyan rigarta. Ya juye hoton a kwamfutarsa ina tsaye ina taunar cingam.

Bayan mako biyu Hajiya ta kai ɗinki wurin telan nan, ta tarar da kanta manne a bango cikin samfura, kai ba ɗankwali, maza na wucewa.

Da ta ji wadda ta kai hoton, har gida ta same ni. "Haram alaiki, 'yar nan! Ko mijina bai taɓa ganin rawata ba!"

Na je na zazzage wa telan, marar kunyar ya ce ai ni na kawo. Teloli uku sun riga sun kwafi hoton.

Har yau ko ta'aziyya na shiga, sai wata ta ja mayafi: "Yalla, maza ku rufe, kyamara ta iso."

Wuyan ma karkatacce ya ɗinka min.