Wayar Hajiya Indo Lamba Sha Huɗu

Tsakanin wayar wuta lamba goma da lamba sha huɗu, wacce za ka ce ta fi kauri? Hajiya Indo ta unguwar Nuzla ba ta yi wata-wata ba, sha huɗu ta zaɓa. Tun da wayar mukayyif ɗinta, na'urar sanyaya ɗaki, ta fara warin ƙonanniyar roba, ta kashe shi ta koma fifita cikin zafin Jidda. Jikanta Mus'ab, mai aikin wuta a Sana'iyya, unguwar masu sana'ar hannu, ya ce ta aika a sayo mita ashirin ta lamba goma, zai zo ya ja mata sabuwa. Ita kuwa da ƙafarta ta je shagon kayan wuta.

"Sannu da gida, amarya. Ya zafi?" in ji Mus'ab, yana ajiye jakar aiki.

"Zafi na gaishe ka, mijin da ya bar matarsa tana dahuwa kamar dankali. Ga wayarka nan. Ka ce goma don tsabar rowa, ni kuwa na ƙara huɗu."

Ya ɗaga naɗin wayar ya duba, ya dube ta.

"Wannan ai zaren ɗinkin zanenki kika sayo."

"Zaren gidanku. Sha huɗu ce za ta fi goma ƙanƙanta? Wace makaranta ka yi?"

"Wadda kika hana kanki zuwa. In na ɗaura wannan a mukayyif, za ta yi zafi, robar ta narke, gobara ta tashi. Ki bar ni gwauro, kuma wa zai ba ni tsohuwa mara haƙori irinki?"

Maganar gobara ta ɗan sanyaya mata jiki, don warin nan bai fita daga hancinta ba. Amma ba ta bari ya gani ba.

"Haƙorana sun fi gashin kanka yawa. Yalla, yi mini bayani, ban da ƙarya."

"Asalin lambar, ƙirga ce ta yawan jan da ake wa ƙarfen ta cikin ƙaramin rami. Duk ja ɗaya, sai ya ƙara sirancewa. Wadda aka ja sau da yawa..."

"Dakata." Ta kalli injin taliyarta da ke kan tebur. "Kamar murjin taliya ke nan. A lamba ɗaya kwaɓin na fita da kauri, ina kaiwa shida sai ya koma kamar takarda."

"Halas, kin gama aikina. Gobe ki karɓi iƙamata, takardar zamana, ki tafi Sana'iyya."

"Da na je, da tuni sun kore ka. To yanzu fa? Yau Juma'a, shagon a rufe."

Ya zuge jakarsa ya fito da wani naɗin. "Na san wa na aura. Da tawa na zo."

Ta kama bakin wayoyin biyu ta murza a yatsunta. Jan ƙarfen lamba goma ya cika mata yatsa, ɗayan kuwa siriri ne.

Kafin la'asar iska mai sanyi ta cika ɗakin. Ta bar mukayyif ya yi aiki sosai, sannan ta dafa robar wayar a jikin bango, ta ji ta lafiya ƙalau. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Allah ya yi maka albarka, Mus'ab. Ya ba ka mai sanyaya maka rai yadda ka sanyaya mini."

"Amin. Ashe kin san sunana."

Ta yi dariya har da tari, ta turo masa kwanon taliya da mai da yaji. "Na sallama. Na fasa neman saki, sai lokacin sanyi ya shigo. Ci, ka tafi da sha huɗun, tukuicinka ce."

Kai ma in ka shiga shagon kayan wuta, ka ce a miƙo maka goma da sha huɗu, ka murza su a yatsunka kafin ka zaɓa.