Na Auna Aljihun Baba da Tef ɗin Nijar

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da Alhamis ɗin nan ta kasuwar Maigatari ba.

Yayana Sani yana da shagon waya a bakin kasuwa. Da na gama sakandare na yi ta naci har ya yarda in riƙa zama masa, bisa sharaɗin kuskure ɗaya in koma gida kan keken ɗinkina. Ana haka matarsa ta haihu, daidai makon da za a yi odar kaya daga Kano. Ya kira ni daga asibitin Gumel a gurguje.

"Ƙanwata, ke za ki yi magana da dila. Wayoyin kamfani biyu kawai, masu riƙe caji da layi biyu. Girma kuma, wadda za ta shiga aljihun gaba. Fatake ba sa son abin riƙewa a hannu."

Na ce, "Haba Yaya, wannan ai wasa ne."

Kamfanonin dai na zaɓa daidai (a rubuta mini wannan, don Allah). Girman ne na ce sai na yi aikin ilimi. Na ɗauko rigar Baba, na ɗauko sabon tef ɗin awo da na saya wurin wata 'yar Nijar, na auna bakin aljihu. Goma cif. Ban san tef ɗin mutanen can da santimita yake ƙirga ba, mu kuma inci muka sani.

Dila ya ce, "Hajiya, inci goma fa? Duka katan ɗin?"

Na ce, "Malam, da hannuna na auna." Har da ɗan tsaki.

Ranar kasuwa kaya suka iso. Yaya bai dawo ba, ga wani Alhaji mai fataucin shanu daga Gagarawa zaune kan benci da abokansa, tun safe yake jiran sabuwar waya. Na yanka katan ina taƙama. Abin da na zaro ya kai faranti.

Maimakon in ce an yi kuskure, sai bakina ya ce, "Ita ake yayi yanzu, Alhaji."

Bawan Allah ya karɓa da bismilla. Ya gwada aljihun gaba, ta ƙi. Ya karkata ta, ya tura da ƙarfi, sai ji muka yi ƙyaat! Aljihu ya yage har ciki, goro da asuwaki suka zubo ƙasa.

Abokinsa ya ce, "Alhaji, sai dai ka goya ta!"

Alhaji kuwa ya kara ta a kunne, fuskarsa duka ta ɓace a bayanta. "Salamu alaikum! 'Yata, ana ganina kuwa?"

Har masu shayi sai da suka taso kallo. Ni dai na durƙusa ina tsince goro, hawaye na ɗiga a kai.

Da Yaya ya iso da yamma, ya daɗe yana kallon katan ɗin. Wani malami daga Ɗanzomo ya ɗauki ɗaya don karatun Alƙur'ani, sauran Yaya ya mayar Kano da kansa, ya sha ciniki da ban haƙuri. Bai kore ni ba, amma yanzu aikina liƙa gilashi a fuskar waya da goge kanta. Rigar Alhaji kuwa ni na ɗinke ta, kyauta, ya ce in ƙara wa aljihun faɗi ko za a sake ba ni oda.

Abin da na koya? "Ban sani ba, bari in tambaya" ba ta taɓa yaga rigar kowa ba.